Tsohon da ya ga teku

(Jawabin da ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyarmu ya gabatar a zaman matasa a Dogo-Dogo, ranar 1 ga Disamba. Mun sa shi nan kamar yadda aka faɗe shi, da ɗan gyara kaɗan.)



Iyayena maza da mata, malamanmu, ƴan uwana matasa na Dogo-Dogo, da waɗanda suka taso daga Dungass da Magaria da Damagaram, sannunku da zuwa. Waɗanda za su karanta wannan a salula, kuna Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, ku ma ina gaishe ku.

An ce in yi magana a kan Thiaroye, tunda yau 1 ga Disamba. Zan yi. Amma ku yi mini haƙuri in fara daga gida, daga zauren da na tashi, domin ni a can na fara jin wannan labari, tun ban san labari ne mai nauyi ba.

Kakana, mahaifin babana, ya rasu a daminar 2009, ina da shekara 12. Dattawan da ke zaune nan gaba sun san shi. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, kuma ko gona za shi sai ya tsaya ya gyara wuyan rigarsa. Mu jikoki abin wasanmu ne shi. In an yi sallar isha'i sai mu kewaye shi mu ce, "Tsoho, ba mu labarin ruwan nan." Sai ya ce akwai wani ruwa da za ka kwana ashirin a kansa ba ka ga ƙasa ba, ba ka ga itace ba. Ya ce ruwan ba ya shawuwa, gishiri ne, mutum na iya mutuwa da ƙishirwa yana bisa kansa. Ya ce jirgin da ya ɗauke su ya fi unguwarmu yawan mutane, har da wurin toya burodi a ciki. Mu kuwa me muka sani? Tabki da rijiya. Sai mu fashe da dariya mu ce Tsoho ya fara. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Gani ya kori ji."

Wallahi har ya koma ga Allah ban taɓa tambayarsa tambaya ɗaya ta hankali ba. Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai, shi ne kuma ya tsayar da ni gabanku yau.

Bayan na shiga jami'a, wani hutu na dawo gida, kakata ta sa ni in ɗaga mata wata tsohuwar adaka ta ƙarfe don ta share ƙarƙashi. Na buɗe. A ciki akwai ɗan littafin soja da gara ta ci gefensa, da lambobin yabo guda biyu da suka yi tsatsa, da hoto ɗaya na wani saurayi cikin kaki da jar hula, da takardun fansho an ɗaure da tsumma. Na zauna a ƙasa ina karantawa. Duk abin da muke yi wa dariya yana nan a rubuce, da Faransanci, da hatimi: ranar da ya hau jirgi, ranar da ya sauka, tashar da ya sauka. Shekara 15 a soja, daga 1943 zuwa 1958. Ɗan Dogo-Dogo, ɗan ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku, ya yi watanni na rayuwarsa a kan ruwa.

To, yaya aka yi ya tafi? Ba shi ya nema ba. Faransa ta kafa rundunar da ake ce wa tirailleurs sénégalais tun 1857, lokacin gwamna Faidherbe. Sunan Senegal ne a kai, amma a ciki akwai Bambara, akwai Mosi, akwai Zabarmawa, akwai Barebari, akwai Hausawa. Damagaram ta faɗa hannun Faransa a 1899, har Zinder ta zama hedkwatar ƙasar kafin a mai da ita Yamai a 1926. A yaƙin duniya na farko an kwashi kusan mutum 200,000 daga Afirka ta baƙar fata, wajen 30,000 ba su dawo ba. A 1919 aka mai da ɗaukar soja doka ta kowace shekara. Kumandan ya aiko, sarki ya aika wa masu gari, a tara samari, likita ya duba ƙirji da haƙori, a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa kansa, shekara uku. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: ba ɗan mai hali aka cika turawa ba. Maraya ne, ɗan talaka ne, ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Kakana maraya ne.

Mu da muke bakin iyaka mun san ɗaya hanyar. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗaukar soja ko aikin dole, sai gida guda ya tashi da dare ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Shi ya sa da yawanmu muna da dangi a Maigatari da Babura da Gumel. Amma can ma ba a tsira duka ba. Ingila ta kwashi Hausawa ta zuba a jirgin ruwa ta kai su Bama yaƙi da Japan. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya sa kakin Faransa, wancan ya sa kakin Ingila, kowa da tekun da aka tsallaka da shi.

Kakata ta ce abin da ya fi faɗa mata shi ne tafiyar farko. Makonni suka yi a hanya kafin su kai bakin ruwa. Da jirgi ya tashi, ƙasa ta ɓace, sai amai. Manyan ƙarti kwance kamar an yanka, an cusa su can ƙasan jirgi inda ba iska. Ba su san gabas ba balle su yi salla da natsuwa, sai wani a cikinsu ya riƙa hawa sama da asuba ya dubo inda rana za ta fito. Da dare ba a kunna wuta, ba a shan taba, saboda jiragen Jamus da ke tafiya ƙarƙashin ruwa. Wanda ya mutu a hanya, ba kabari. A naɗe shi, a yi masa salla, a sake shi cikin ruwa. Ta ce wannan ne abin da bai taɓa sabawa da shi ba, a ce Musulmi ya tafi ba a san inda za a tsaya a yi masa addu'a ba.

Littafin ya nuna an kai su Afirka ta Arewa, daga nan sai kudancin Faransa. Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Provence, kuma babban kaso na rundunar Faransa da ta sauka ƴan Afirka ne. Kafin ƙarshen watan an ƙwato Toulon da Marseille daga hannun Jamus. Ku riƙe wannan, don in kun ji ana cewa Faransa ta ƴantar da kanta, ku san da hannun wa. Amma da sanyi ya gabato, aka janye dubban baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓe bindigoginsu da kayansu aka ba samarin Faransa. Dalilin da aka bayar shi ne wai ba sa jure sanyi. Su kansu masana tarihin Faransa sunan da suke kiran abin da shi yana nufin mai da runduna fara. Wanda ya yi noma, ranar girbi an ce ya koma gefe.

Yanzu Thiaroye. Akwai wasu sojojin Afirka da Jamus ta kama tun 1940, suka yi shekara huɗu a tsare. Da aka sake su, aka zuba sama da 1,000 a wani jirgin Ingila mai suna Circassia, ya tashi daga Morlaix a farkon Nuwamba 1944, ya iso Dakar ranar 21 ga wata. Aka sauke su a barikin Thiaroye. Abin da suka nema bai wuce haƙƙinsu ba: albashin shekarun da suka yi a tsare, da kuɗin sallama. Suka ce ba za su watse zuwa garuruwansu ba sai an biya, don sun san in ka koma ƙauye, wa zai biyo ka da kuɗinka? Da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka kewaye su, aka buɗe musu wuta. Rahoton soja ya ce mutum 35. Wani rahoton ya ce 70. Masana irin su Armelle Mabon, da suka shekara suna tonon takardu, sun ce ɗaruruwa ne. Waɗanda suka tsira, 34 aka gurfanar aka ɗaure da laifin tawaye. Ousmane Sembène ya yi fim a kan wannan a 1988. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya rubuta wa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye wasiƙa yana amsa cewa kisan kiyashi ne.

Kakana ba ya Thiaroye. Amma labarin ya iske su a barikin da suke, kuma kowa ya gane saƙon.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi mini wuya. Bayan duk wannan, kakana ya sake sa hannu. Ya zauna a soja. Da na ga haka a littafin, raina ya ɓaci. Na ce yaya mutum zai ga abin da aka yi wa ƴan uwansa ya koma? Kakata ta dube ni ta ce, "Kai yaro, ya dawo ya tarar da me? Gonar ubansa an cinye, ba shi da akuya, ba mai ba shi mata." Kuma dokar ita ce sai ka cika shekara 15 kake da fansho. Sai na yi shiru.

Aka sake zuba su a jirgi daga Marseille, ta mashigin Suez, ta Bahar Maliya, har Saigon. Indoshin ke nan, yankin da ƙasar Biyetnam ta yau take ciki. Daga 1946 zuwa 1954 Faransa na yaƙi da mutanen da ke neman ƴancin ƙasarsu, har aka karya ta a Dien Bien Phu. Haka aka yi amfani da sojojin Afirka a Madagaska a 1947, haka a Aljeriya daga 1954. Shi kansa Seyni Kountché ta wannan hanya ya bi, Indoshin da Aljeriya, kafin a kafa rundunar sojan Nijar a 1961. Ke nan wanda aka mallaka, an ba shi bindiga ya je ya danne wani wanda aka mallaka. Kakana yana ba da labarin teku, yana ba da labarin sanyin Faransa da yadda ruwa ke zama dutse, amma Indoshin ko sau ɗaya. Kakata ta ce shekaru da yawa yakan farka da dare yana gumi, ya fita tsakar gida ya yi alwala, ya zauna har asuba. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Don haka ni ban zo in ce muku kakana gwarzo ne marar aibi ba. Ban kuma yarda a ce masa karen Nasara ba, kamar yadda na ga wasu ƴan uwanmu na rubutawa a Facebook game da tsoffin sojoji. Mu da muke zaune a fada muna shan shayi, da cikinmu cike, hukunci yana mana sauƙi. An zalunce shi, kuma an yi zalunci da hannunsa. Duka biyun gaskiya ne, kuma shi ya fi mu sanin haka, shi ya sa ba ya barci.

Abin da na fi so ku sani shi ne abin da ya yi da sauran rayuwarsa. Ya dawo a 1958, ya sayi gona, ya auri kakata, ya noma hatsi da gyaɗa kamar kowa. Ya haifi ƴaƴa bakwai, ya riƙe marayu uku na ƙanensa, kuma har yau in ba an faɗa maka ba, ba ka iya bambance su. Lokacin da mutane ke ɓoye ƴaƴansu a rumbu don kada a rubuta su lakwal, shi da kansa ya kama hannun gwaggona ya kai ta. Aka yi ta surutu a gari, wai soja ya zama Nasara. Ya ce shi ya ga yadda ake cutar mutum da takardar da bai iya karantawa ba, ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba, ba zai bar ƴarsa haka ba. Da safe lakwal, da yamma allo. Gwaggon nan tawa ita ta zama ungozoma, da yawanku a hannunta kuka faɗo.

Kakata ta ce shekara 51 suka yi, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ransa ya ɓaci sai ya ɗauki hauya ya tafi gona. Ƴan uwana maza, ku ji wannan da kyau. Mutumin da ya ga yaƙi biyu bai mai da gidansa bariki ba. Mu da ba mu ga komai ba, mene ne hujjarmu?

A yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, ɗan kuɗin fanshonsa ne ya riƙe gida huɗu a unguwarmu. Wasu daga cikin waɗanda suka sha wannan kunu suna zaune a nan.

Kuma wannan fansho, ku ji yadda aka yi da shi. A ƙarshen Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashenmu ƴanci, majalisar Faransa ta sa wani sashe a dokar kasafin kuɗi: duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu ƴancin kai, kuɗinsa ya tsaya cak inda yake. Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Daga nan na Bafaranshe yana hawa yana bin tsadar rayuwa, na kakana yana tsaye. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi bai tambayi launin fata ba, amma wurin biya an tambaya. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya tayar da ƙura, aka gyara wani ɓangare daga 2007. A Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta ce bambancin ya saɓa doka, aka daidaita daga Janairu 2011, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. Kakana ya rasu 2009. Ku lissafa da kanku mutum nawa suka rage a lokacin. An jira mutuwa ta rage bashin.

To, mu fa? Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023. A Oktoba 2024 an cire sunan De Gaulle daga babban titin Yamai an sa na Djibo Bakary. Mun yi murna. Amma ina tambayarmu, har da ni: a nan komin ɗin Dogo-Dogo, mutum nawa aka ɗauka soja daga 1919 zuwa 1960? Nawa suka dawo? Wa ya san sunayensu? Sunan baƙo mun cire, namu kuma ba mu rubuta ba. Wannan ba laifin Paris ba ne. Adakar tana ɗakin kakarka.

Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, da ya tashi rubuta tarihin Damagaram bai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba, ya zauna gaban tsofaffi ya saurara. A Yamai akwai IRSH, akwai CELHTO, aikinsu ke nan, adana abin da baki ya faɗa. Su da manyan na'urori suka yi. Mu kowa na da rikoda a aljihunsa, muna ɗaukar rawa da ita.

Ga abin da nake roƙo, ba ya bukatar tallafin kowa.

Na farko, kafin watan nan ya ƙare, kowa ya je wurin mafi tsufa a gidansu. Sojojin kusan duk sun tafi, amma matansu na nan, ƴaƴansu na fari na nan. Ka je da goro, ka zauna ƙasa, ka kashe kiran salula ka kunna rikoda. Kada ka katse, kada ka gyara mata magana, kada ka yi dariya irin tamu.

Na biyu, in akwai takarda, a ɗauki hotonta shafi-shafi, a sa ta a leda, a ɗaga ta daga ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar soja da shekarar ɗauka. Da su ake neman fayil ɗin mutum a ma'ajiyar takardun soja da ke garin Pau a Faransa. Wanda kuma bai dawo ba, a duba sunansa a shafin intanet na Mémoire des hommes. A lura, marubutan bariki sun karkatar da sunayenmu, sai an gwada rubutu iri-iri. Mu da muka yi lakwal, wannan aikinmu ne. Shi ne ladan karatun da aka biya mana.

Na uku, a nemi izini. Kun lura ban ambaci sunan kakana ba. Kakata ta ce in ba da labarin, amma sunan sai ta yi shawara da baffannina. Na bi maganarta. Sirrin gida ba kayan neman mabiya ba ne.

Na huɗu, mu haɗa abin da muka samu wuri ɗaya, gari-gari, mu kai kwafi ma'aikatar magajin gari, mu kai makarantu. Ina so wata rana malami a Dogo-Dogo, in ya zo darasin yaƙin duniya, ya karanta wa yara sunan mutanen unguwarsu.

Abu na ƙarshe. Tekun nan bai gama da mu ba. Wanda aka tsallaka da kakanninmu da ƙarfi, yau matasan Afirka ke biyan kuɗi su mutu a cikinsa. Wasu ma ba sa kaiwa. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kantché, nan maƙwabtanmu. Su ma ƙishirwa ce. Su ma in ba mu rubuta sunayensu ba, nan da shekara 50 wani jika zai tsaya kamar yadda na tsaya, yana cizon yatsa.

Shekaran jiya na je na gaya wa kakata zan yi wannan magana. Ta ce, "To, ka gaya musu ruwan nan gaskiya ne." Na gaya muku.

Allah Ya jiƙan kakana, Ya yafe masa abin da ya sani da abin da ya ɓoye. Allah Ya jiƙan na Thiaroye, da waɗanda aka saki cikin ruwa ba kabari, da waɗanda harsashinsu ya samu a ƙasashen da ba su san sunansu ba. Mu kuma Allah Ya ba mu kunnen saurare tun masu faɗa suna da rai.